Yadda Ake Hasashen Abin da Ya Riga Ya Faru da Turanci

Ka fito da asuba ka tarar tsakar gida a jiƙe, kwata tana gudu, kayan da aka shanya jiya suna ɗigar ruwa. Barci kake yi, ba ka ji saukarsa ba, amma kai tsaye za ka ce, "Lalle an yi ruwa da dare." Ba idonka ya gani ba, alama ce ta gaya maka. Irin wannan magana ita ce hasashe kan abin da ya wuce, kuma Turanci yana da gini na musamman da ke ɗaukar ta: *It must have rained in the night.*

Mu a Hausa kalma muke ɗorawa a gaban jimla, aikatau ya zauna yadda yake. Lalle ya tafi. Wataƙila ya tafi. Ba yadda za a yi a ce ya tafi. Turanci ma yana da irin waɗannan kalmomi, su *maybe* da *perhaps* da *definitely*, shi ya sa ɗalibi Bahaushe yake manne musu, duk inda ya yi shakka sai ka ji *Maybe he went, maybe she forgot.* Ba kuskure ba ne. Sai dai masu harshen sun fi cusa ƙarfin tabbacin a jikin aikatau ɗin kansa, kuma masu shirya jarrabawar WAEC da NECO da JAMB wannan ginin suke tambaya, domin sun san a nan ɗalibai suke tuntuɓe.

Mataki na farko: ka riƙe ginin

Abu uku ne a jere, kuma ba sa sauya wuri. Na farko ɗaya daga cikin mataimakan aikatau da malamai ke kira *modal verbs*. Waɗanda ake hasashe da su shida ne: *must, may, might, could, can't, couldn't.* Na biyu kalmar *have*. Na uku siga ta uku ta aikatau, wadda littattafan nahawu ke kira *past participle*.

*She must have gone.*
*They might have forgotten.*
*He can't have seen us.*

Abin da ya kamata ka gane tun yanzu shi ne, ba mataimakin ne ke nuna lokaci ba. Shi aikinsa kawai ya nuna yadda ka tabbata. Wanda ke tura maganar baya shi ne *have* tare da siga ta uku. Kwatanta waɗannan biyun: *He must be tired* yana nufin lalle a gajiye yake yanzu, *He must have been tired* kuwa lalle a gajiye yake a wancan lokacin. Wasu ɗalibai an koya musu cewa *might* shuɗaɗɗen *may* ne, *could* kuma na *can*, sai su rubuta *He might go yesterday* suna ganin sun mayar da maganar baya. Ba su mayar ba. *He might go* magana ce ta yau ko ta gobe. Ta jiya ita ce *He might have gone.*

*Have* ɗin nan ba ta canzawa ko wa ake magana a kansa. Ɗalibin da ya sha bulala kan *she has* da *he has* yakan kawo su nan ya rubuta *She must has gone*, wani kuma ya ce ai abin ya wuce, sai ya rubuta *She must had gone*. Duka biyun kuskure ne, dalili kuwa ɗaya: duk aikatau da ya biyo bayan mataimaki tsuransa yake zuwa, babu ƙari babu sauyi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne siga ta uku. Aikatau masu ƙarewa da *-ed* suna rufa wa ɗalibi asiri, tunda sigarsu ta biyu da ta uku iri ɗaya ce: *He must have finished, she might have called.* Sai an zo kan masu taurin kai asiri yake tonuwa, ka ji *He must have went, they might have took it.* Waɗanda suka fi yawan fitowa a irin wannan magana su ne *go, went, gone. See, saw, seen. Take, took, taken. Eat, ate, eaten. Forget, forgot, forgotten. Steal, stole, stolen. Break, broke, broken. Fall, fell, fallen. Write, wrote, written. Drink, drank, drunk. Do, did, done.* Ka lura da *come, came, come* da *run, ran, run*, waɗanda siga ta ukunsu take komawa kamar ta farko: *He must have come late* daidai ne, *must have came* kuskure. In ka rasa wacce za ka ɗauka, sa *I have* a gaba ka faɗa a bayyane. Wanda ya san *I have seen* ba zai rubuta *must have saw* ba.

Kada *have had* ta rikita ka. *He must have had a reason*, wato lalle yana da dalilinsa. *Have* ta farko ta ginin ce, *had* kuma siga ta uku ce ta aikatau mai nufin mallaka.

Mataki na biyu: auna hujjarka kafin ka zaɓi kalma

Nan ne ainihin aikin. Kada ka fara da fassara jimlar Hausa. Fara da tambayar kanka: me na gani, kuma bayani nawa abin da na gani zai iya ɗauka?

In bayani ɗaya ne kaɗai ya shiga hankali, *must have* za ka ɗauka. Ka buɗe firji da safe ka tarar ƙanƙara ta narke, nama ya saki: *The power must have gone off in the night.* Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalili ɗaya ne ya dace da abin da ke gabanka.

In hujjar ta rufe ƙofa gaba ɗaya, ta nuna abin ba zai taɓa yiwuwa ba, sai *can't have* ko *couldn't have*. Wani ya ce ya ga Audu a kasuwa jiya, kai kuwa ka san Audu yana Makka tun makon jiya: *You can't have seen Audu. He is in Mecca.*

In kuwa bayani biyu ko uku za su iya zama gaskiya, kuma ba ka da abin da zai fifita ɗaya, sai *may have*, *might have* ko *could have*. Ka kira Binta sau uku ba ta ɗauka ba: *She may have left her phone at home. She might have fallen asleep. The battery could have died.* Waɗannan ukun kusan ɗaya suke a nan. *May have* ta fi zama a rubutu, a jarida da rahoto, *might have* ta fi yawo a baki. Wasu malamai sukan rubuta a allo cewa wannan kashi 50 ne, wancan kashi 30. Dabarar koyarwa ce kawai, masu harshen ba su da wannan sikeli a kansu, kada ka ɓata lokaci a kansa. In kana son ka nuna zaton ya yi ƙarfi amma bai kai tabbaci ba, ka saka *well* a tsakiya: *She may well have forgotten*, wato akwai yiwuwar gaske ta manta.

*Can have* ba ta shiga jimlar tabbatarwa. *He can have gone home* kuskure ne, duk da cewa *can't have* daidai ce. Ka ce *could have gone* ko *may have gone*.

Akwai hali na huɗu da ake mantawa da shi. In da idonka ka gani, ko ka sani tabbas, ba ka buƙatar mataimaki ko ɗaya. *It rained last night* ya fi *It must have rained last night* ƙarfi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar *must* ita ce ƙarshen tabbaci, saboda sun san ta da ma'anar dole. A hasashe kuwa tana sanar da mai sauraro cewa ba ka shaida abin ba, lissafi ka yi. Wanda ya ce *I locked the door* yana tuna ya kulle. Wanda ya ce *I must have locked the door* bai tuna ba, yana dai dogara da cewa ya saba kullewa. In kana rubuta rahoto ko ba da shaida, wannan bambanci babba ne.

Korewa: nan gizo ke saƙar

Da hankali zai ba ka cewa kishiyar *must have* ita ce *mustn't have*. A Turancin Ingila ba haka ba ne, kishiyarta *can't have* ce. *He must have heard* lalle ya ji, *He can't have heard* lalle bai ji ba. Mutanen Amurka sukan ce *He must not have heard*, kuma a wurinsu daidai ne. Amma jarrabawowinmu sun fi bin Turancin Ingila, don haka in ka ga *can't have* da *mustn't have* a cikin zaɓi, ɗauki ta farko.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. A tabbatarwa, *could* tana tafiya tare da *may* da *might*. Da zarar an kawo *not* sai ta rabu da su ta koma gefen *can't*. Duba waɗannan, duka kan Musa da bai zo taro ba:

*He might not have seen the message.*
*He couldn't have seen the message.*

Ta farko tana cewa wataƙila bai ga saƙon ba, amma ta yiwu ya gani. Ta biyu tana cewa babu yadda za a yi ya gani, ƙila don an sace wayarsa tun ranar Litinin. Ɗaya shakka ce, ɗaya yanke hukunci. Wanda ya musanya su ya faɗi abin da bai yi niyya ba, kuma mai sauraro ba zai gane kuskure aka yi ba, tunda jimlolin biyu duk nahawunsu daidai ne.

Tsakanin *can't have* da *couldn't have* kuwa ba wani tazara, kana iya amfani da duk wadda ta zo bakinka. Sai fa in kana ba da labarin abin da wani ya ce ko ya yi tunani a da, sai *couldn't* ta fi dacewa: *The police said he couldn't have climbed the wall alone.* A irin wannan wuri *may* ma takan koma *might*, amma *must* tana nan yadda take: *She thought he must have left.*

Wurin *not* kullum bayan mataimaki ne, kafin *have*. *He might not have come*, ba *He might have not come* ba, ko da yake kana iya jin ta biyun a bakin mutane.

Gwaji da abu na gaske: jirgin Dufuna

Masu binciken tarihi suna yawan amfani da wannan gini, domin aikinsu ke nan, su ga alama su yi lissafi. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a inda yake Jihar Yobe a yau, sai ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi gaba ɗaya a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka sassaƙa daga itace ɗaya. Gwajin kimiyya ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000.

Fara da raba abin da aka sani da abin da ake zato. Wanda aka sani ba ya son mataimaki: *It was found in 1987. It is about 8,000 years old.*

Sai ka bi alamu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai sassaƙa jirgi mai wannan tsawo in babu ruwan da zai ɗauke shi, bayani ɗaya ke nan: *There must have been a lot of water in the area.* A wancan zamani ba a san ƙera baƙin ƙarfe ba a ko'ina a duniya, ƙofa ta rufe: *They can't have used iron tools.* Tunda ba ƙarfe, kuma ga shi an sassaƙa: *They must have used stone tools.* Me aka yi da jirgin? Nan hujja ba ta fifita komai ba: *They may have used it for fishing. It could have carried people across the river.* Ko sun fara ƙona cikin itacen kafin su ƙwaƙule shi, kamar yadda masassaƙa suke yi a wasu wurare? *They might have burnt the inside first.* Sannan kyan sassaƙar, yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa, ya nuna hannu ne da ya saba: *It can't have been the first canoe they made.*

Ka ga a kan abu ɗaya an yi amfani da matakan tabbacin nan uku, kuma kowane zaɓi hujja ce ta kawo shi. In ka sa *must have* a maganar kamun kifi, nahawunka bai karye ba, amma ka yi iƙirarin sanin abin da ba ka da shaidarsa.

Mataki na uku: fuskoki uku na been

*Been* tana yawan fitowa a wannan gini, kuma abin da ya biyo bayanta shi ke sauya ma'ana.

In sifa ko suna ko wuri ya biyo, hali ake bayyanawa: *She must have been angry. It might have been a thief. They can't have been at home.*

In aikatau mai *-ing* ya biyo, abin yana cikin faruwa ne a lokacin da ake magana a kai: *He must have been sleeping when you called*, lalle barci yake yi lokacin da ka kira. Kwatanta da *He must have slept well*, wadda ke kallon barcin a matsayin abin da aka gama. Haka nan in alamar aikin tana jikin mutum har yanzu: yaro ya shigo idonsa ja, *He must have been crying.*

In siga ta uku ta biyo, an yi wa abin aiki ne, ba shi ya yi ba. A nan Bahaushe yake buƙatar kula sosai, saboda mu da *an* muke wannan magana: lalle an sace akuyar. Ɗalibi sai ya rubuta *The goat must have stolen*, ya mayar da akuya ɓarauniya. Daidai shi ne *The goat must have been stolen*, ko kuma ka kawo wanda ya yi aikin: *Someone must have stolen the goat.* Duk inda tunaninka na Hausa ya fara da *an*, bincika ko ka sa *been*.

Mataki na huɗu: masu kama da hasashe amma ba shi ba

*Had to* da *must have*. *He had to sell the car* labari ne tabbatacce: dole ta sa ya sayar da motar. *He must have sold the car* zato ne: ba ka ƙara ganin motar a ƙofar gidansa ba, sai ka yi lissafi. *Must* ta dole ba ta da shuɗaɗɗen lokaci sai *had to*. Ɗaliban Nijar da suka yi boko da Faransanci sun fi faɗawa wannan rami, domin *il a dû partir* tana ɗaukar ma'anonin biyu a Faransanci, Turanci kuwa ya raba su.

*Should have*. Mafi yawan lokaci wannan zargi ne ko nadama, abin da ya kamata a yi ba a yi ba: *You should have told me*, da ka gaya mini. Ba hasashe a ciki. Amma tana da aiki na biyu da ya kusanci hasashe, wato abin da ake sa rai bisa yadda aka saba. Mota ta bar Kano da bakwai na safe, yanzu sha biyun rana: *They should have reached Zaria by now.* Ba alama ka gani ba, lissafin lokaci ka yi, kuma ka bar ƙofa ko wani abu ya tsare su a hanya. Mutanen Ingila sukan yi amfani da *will have* a irin wannan wuri in sun fi tabbata: *They will have arrived by now.* Ka gane ta in ka ji, ba sai ka yi amfani da ita ba.

*Could have* fuska biyu gare ta, kuma masu jarrabawa suna son ta saboda haka. *She could have taken the wrong bus* zato ne, ba mu san ko ta hau ko ba ta hau ba. *You could have killed somebody!* kuwa, da ake faɗa wa mai tuƙin ganganci, mun san bai kashe kowa ba, saura ƙiris ne. Tambaya ɗaya ke raba su: mun san yadda abin ya ƙare? In ba mu sani ba, hasashe ne. In mun san bai faru ba, magana ce ta abin da zai iya faruwa amma bai faru ba. *Might have* ma tana yin wannan aiki na biyu: *If they had taken him to hospital earlier, he might have survived.* Mutumin ya rasu. In ka sa *may have survived* a nan, ka nuna kamar har yanzu ba a san ko yana raye ba, kuma masu gyaran rubutu suna ja wa wannan layi.

*Needn't have* ba ta da alaƙa da zato sam: *You needn't have cooked* na nufin kin yi girkin, amma ba a buƙace shi ba.

Tambaya da gajeriyar amsa

Ba a cika tambayar hasashe da *must* ko *may* ba. *Could* ce ke ɗaukar wannan aiki: *Could he have missed the bus? Who could have taken it?* A bakin mutane kuma an fi jin *Do you think he might have missed the bus?* In da mamaki ko damuwa a ciki, *can* takan shigo: *Where can she have gone?*

A gajeriyar amsa ana tsayawa a kan *have*. *Did he pay? He must have.* In tambayar da *was* ko *were* aka yi ta, sai a ƙara *been*: *Was she at home? She might have been.* Amsa da *He must* kawai tana mayar da maganar ta dole.

Akwai wani amfani da littattafai ba su cika ambata ba, alhali kullum ana yin sa. Inda mu za mu ce "sannu, ka sha hanya" ko "kai, abin ba daɗi", su sukan ce *You must have been exhausted* ko *That must have been terrible.* Hanya ce ta taya mutum jin abin da ya same shi. Wanda ya iya wannan, hirarsa da Turanci tana laushi nan take.

Furuci

Da yawa sun iya ginin a takarda amma ba sa jin sa a rediyo ko a bakin Bature, domin *have* ɗin ba ta fitowa cikakkiya. Harafin *h* yana faɗuwa, wasalin ya raunana, sai ta manne wa mataimakin: *must've, might've, could've.* Abin da kunne zai ji kusan "mastav", "maitav", "kudav". In ana sauri har *v* ɗin yakan ɓace. Wannan ne ya sa wasu 'yan asalin harshen suke rubuta *must of* da *could of*. Kuskure ne ko a wurinsu, kada ka kwaikwaya don ka gani a Facebook.

Hausa ba ta da sautin *v*, shi ya sa bakinmu yake mayar da shi *b*. Ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka bar iska ta fita tare da murya, leɓɓan kada su haɗu. Ƙarfin murya yana kan mataimakin da kuma babban aikatau, *have* a tsakiya ta wuce da sauƙi. A rubutun jarrabawa da wasiƙar aiki kuwa ka rubuta *must have* cikakkiya.

Yadda take fitowa a jarrabawa

Sau da yawa za a ba ka jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa da ita, ko a bar gurbi ka cike. Nemi kalmar da ke nuna ƙarfin tabbaci, sannan ka duba ko akwai korewa. *I am sure she took it* ta zama *She must have taken it. I am sure he didn't see me* ta zama *He can't have seen me. Perhaps they got lost* ta zama *They may have got lost. It is possible that she didn't hear* ta zama *She might not have heard.* A tambayar fassara kuwa, tambayi kanka ko abin ya faru, ko bai faru ba, ko ba a sani ba. Zaɓin da ba daidai ba galibi yana musanya ɗaya daga cikin ukun nan. Mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS zai ci moriyar ginin a ɓangaren magana, inda ake yawan tambayar yadda rayuwa take a da da dalilin da ya sa mutane suka yi wani abu.

Ga biyar ka gwada kafin ka duba amsa.

1. Tukunyar miya ta koma wayam, yara kuma su kaɗai ne a gida. Yi amfani da *eat*.
2. An ce Hadiza ce ta rubuta wasiƙar, kai kuwa ka san ba ta iya rubutu ba. Yi amfani da *write*.
3. Malam bai amsa sallamarka ba. Ta yiwu bai ji ba, ta yiwu kuma wani dalili ne. Yi amfani da *hear*.
4. Ka bar kekenka a ƙofar shago, ka fito babu shi, ga kwaɗon a karye a ƙasa. Fara da *My bicycle*, ka yi amfani da *steal*.
5. Direba ya faɗa rami da tsakar rana a kan hanya miƙaƙƙiya, kana zaton waya yake dannawa a lokacin amma ba ka tabbata ba. Yi amfani da *use*.

Ta ɗaya: *The children must have eaten it.* Bayani ɗaya ne, kuma siga ta uku *eaten* ce, ba *ate* ba. Ta biyu: *Hadiza can't have written the letter*, ko *couldn't have written*. Ta uku: *He may not have heard me*, ko *might not have heard*. Wanda ya rubuta *couldn't have heard* ya yanke hukuncin da hujja ba ta ba shi ba. Ta huɗu: *My bicycle must have been stolen.* Karyayyen kwaɗon ne ya ɗaga ta zuwa *must*. Da babu shi, *might have been stolen* za ka ce, tunda ta yiwu wani ɗan'uwa ne ya ara. Ta biyar: *He might have been using his phone.* Ana buƙatar *been* da *-ing* domin danna wayar yana cikin gudana ne lokacin da motar ta faɗa ramin.